Janar ɗin da Ya Yanka wa Soja Ranar Tafiya

A al'adarmu ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi. Ko ya kusa ganin gindin rumbunka, iyakarka gyaran murya da hannunka-mai-sanda. To, ina ga baƙon da ya shigo da bindiga, ya kuma haye buzun maigida ya miƙe ƙafa? A watan Disamba na 1994, a zauren taron tsara kundin mulki da ke Abuja, wakilai suka yi abin da ba a yi. Suka zartar cewa gwamnatin Janar Sani Abacha ta tattara nata-ya-nata, ta miƙa mulki ga farar hula ranar 1 ga Janairu, 1996. Babu wanda ke zauren da bai san mai wannan ƙulli ba: wakili ne daga Katsina, mutum mai ƙarancin magana a bainar jama'a, wanda aikinsa ya fi yawa bayan an tashi daga zama. Shi ne Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa mai ritaya, Tafidan Katsina. Wata uku bayan wannan ƙuduri aka zo aka tafi da shi, kuma bai sake kwana a ɗakinsa ba.

An haife shi ranar 5 ga Maris, 1943, a birnin Katsina, cikin unguwar da gidansu ya samo sunansa. Mahaifinsa, Malam Musa 'Yar'aduwa, malamin makaranta ne da ya zama Matawallen Katsina, ya kuma riƙe ministan harkokin Legas a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɗan irin wannan gida a wancan zamani hanyarsa a share take: ya yi karatu, ya kama aikin En'e ko na gwamnatin Jihar Arewa, ya jira rawani. Sai dai tasowarsa ta zo daidai da lokacin da manyan Arewa ke bin makarantu suna kwaɗaita wa yara aikin soja, saboda hafsoshi 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba. Da ya gama sakandaren lardi ta Katsina, shi da wani ɗan ajinsu mutumin Daura, Muhammadu Buhari, suka shiga makarantar horon soja ta Kaduna a 1962. Daga nan aka tura Shehu Sandhurst ta Ingila, ya dawo a 1964 da anini guda a kafaɗa. Wurin da aka fara kai shi aiki shi ne bataliya ta ɗaya da ke Inugu.

A can juyin mulkin Janairun 1966 ya same shi. Dare ɗaya gwamnatin da mahaifinsa ke ciki ta rushe, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Da Yuli ta zo sojojin Arewa suka yi ramuwar gayya, jini ya kwarara a barikokin Abekuta da Badun da Ikeja da Kaduna, amma Inugu ta sha da sauƙi, domin kwamandan bataliyar, Laftanar Kanar David Ogunewe, ya shawo kan hafsoshinsa aka garƙame ɗakin makamai. Daga baya aka ɗebo sojojin Arewa a jirgin ƙasa aka baro da su Gabas. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni Shehu ya koma, wannan karon da yaƙi.

Runduna ta biyu ya faɗa, wadda aka harhaɗa cikin gaggawa aka ba Kanar Murtala Muhammad bayan sojojin Biyafara sun mamaye Jihar Tsakiyar Yamma. Rundunar ta fatattake su har bakin Kogin Kwara, ta shiga Asaba a farkon Oktoba na 1967, inda sojojinta suka kashe ɗaruruwan fararen hula, tabon da har yau bai goge daga sunanta ba. A tsallaken ruwa ga Onitsha, wadda fatakenmu ke kira Anaca, ana hango ta da ido, amma 'yan Biyafara sun karya gadar da ta haɗa garuruwan biyu. Hedikwata ta ba da shawarar a haura arewa, a ƙetare a Idah inda babu abokan gaba, sannan a gangaro ta ƙasa. Murtala ya ce shi ta ruwa zai shiga, gaba da gaba. Sau uku ana cika jiragen fito da sojoji, sau uku ana kwasar kashi a hannu. Waɗansu ruwa ya ci su, waɗansu suka sauka a gaɓar Anaca aka rutsa da su babu mai kawo ɗauki. Sai da aka koma ga shawarar farko, aka zagaya ta Idah, aka biyo ta Awka, sannan garin ya faɗi a watan Maris na 1968. Shehu yana jagorantar birged a wannan tafiya, yana ɗan shekara 25. Ni dai a ganina duk siyasar da ya yi daga baya siyasar Idah ce: a yi haƙuri da doguwar hanya, a ɓullo wa gari ta inda bai zata ba.

Karon farko da maganar ranar tafiyar soja ta shiga rayuwarsa shi ne 1974. Janar Yakubu Gowon ya yi alkawarin sauka a 1976, sai ga shi ranar 1 ga Oktoba, 1974, ya ce wa'adin ba zai yiwu ba, bai kuma faɗi wani ba. Gwamnonin jihohi sun daɗe a kujera har sun zama kamar sarakuna, ƙorafin cin hanci ya cika gari. Wasu hafsoshi masu matsakaicin muƙami suka fara ganawa a ɓoye: Joseph Garba, wanda shi ne kwamandan dakarun da ke tsaron Gowon kansa, da Abdullahi Muhammad na sashen leƙen asirin soja, da Ibrahim Taiwo, da Anthony Ochefu, da Laftanar Kanar Shehu 'Yar'aduwa. Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana Kampala wurin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Garba ya shiga gidan rediyo ya sanar an hamɓarar da shi. Ko kaza ba a yanka ba. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne waɗanda suka yi aikin ba su hau kujerar ba. Sun kira manyansu uku, Murtala da Olusegun Obasanjo da Theophilus Danjuma, suka danƙa musu. Kafin shekara ta ƙare Murtala ya yanka rana: 1 ga Oktoba, 1979.

Rabon da Shehu ya samu a sabuwar gwamnati shi ne kwamishinan sufuri na tarayya, kuma ba don a huta aka ba shi ba. Kuɗin man fetur sun shigo a wancan lokaci fiye da yadda aka san abin yi da su, ma'aikatun gwamnati suka yi ta rattaba hannu a kwangilar siminti har ta kai kimanin tan miliyan 20, ma'aikatar tsaro ita kaɗai tana da miliyan 16, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke abin da ya wuce tan miliyan ɗaya na siminti a shekara. Mai tsaye a bakin teku a Legas cikin 1975 zai hango jirage sama da 400 sun yi sahu har inda ido ya ƙare, kowanne ya jefa anga yana jiran layi. Kowace rana ta Allah Najeriya na biyan kowane jirgi dubban daloli kuɗin zaman jira. Da masu jirage na duniya suka gane haka, sai suka riƙa tono tsofaffin kwarakwasan da suka kusa zuwa bola, a zuba musu siminti a turo su Legas, don kuɗin jiran ya fi kuɗin kayan daɗi. Siminti kuwa ba ya shiri da danshi: a cikin wasu jiragen ya sha iskar teku wata da watanni har ya daskare ya zama dutse. Magani da abinci da kayan masana'antu duk suka maƙale a bayan wannan layi. Aka soke kwangiloli da yawa, abin da ya jawo shari'u a kotunan Ingila da Amurka, aka hana jirgi tasowa sai da izini, aka riƙa sauke kaya a tsakiyar ruwa da ƙananan jirage, aka kuma gina sabuwar tasha a tsibirin Tin Can wadda aka buɗe a 1977. A wannan aiki ne manya suka fara lura cewa yaron Katsinan nan ya iya warware ƙulli.

Bai kai ga ganin ƙarshen aikin a wannan ofis ba. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, mutanen Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka tare baƙar Marsandin Murtala a cunkoson motoci a Ikoyi suka buɗe mata wuta. A Ilori aka kashe Taiwo. Juyin bai yi nasara ba, amma ya bar giɓi mai wuyar cikewa. Obasanjo, Bayarabe Kirista, ya hau kujerar shugaba. Danjuma, wanda ke riƙe da sojan ƙasa, shi ma Kirista ne. Arewa tana cikin makoki da fushi, ana tsoron abin da zai biyo baya idan ba a ga Musulmin Arewa a kusa da kan mulki ba. Sai aka ɗauko Laftanar Kanar 'Yar'aduwa, aka tsallake da shi muƙamin kanar gaba ɗaya, aka yi masa birgediya, aka naɗa shi shugaban hafsoshi na hedikwatar ƙoli, wato mutum na biyu a ƙasa. Saura 'yan makonni ya cika shekara 33. Hafsoshin da jiya yake sara wa, yau su ke ƙame masa. Cikin dubban da ke ƙarƙashinsa har da wani sa'ansa haifaffen Kano, Sani Abacha.

Aiki na farko mai nauyi da ya faɗo masa ba mai daɗin tunawa ba ne. An kafa kotun soja ta sirri don waɗanda ake zargi da hannu a juyin Dimka. Ba 'yan jarida, ba ɗaukaka ƙara. A watan Maris na 1976 Birgediya 'Yar'aduwa ne ya fito ya shaida wa 'yan ƙasa cewa an harbe mutum fiye da 30, cikinsu har da kwamishinan tsaro, Manjo Janar Iliya Bisalla. A watan Mayu aka harbe Dimka da tsohon gwamnan Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk, da wasu. Yawancin waɗanda aka kashe 'yan yankin Filato da maƙwabtansa ne, kuma har gobe akwai gidajen da ke cewa nasu bai ji ba bai gani ba. A lokacin jama'a tafi suka yi, don zafin kisan Murtala bai huce ba. Ba wanda ya tsaya tambayar yadda aka samo shaida a ɗakin da ba mai leƙawa.

Shekara uku da rabi ya yi a wannan kujera. Shi ya jagoranci shirin ciyar da ƙasa da aka ƙaddamar a 1976, wanda ya sa har 'yan makaranta da ma'aikatan ofis suka riƙa noma bayan gida. A hannunsa kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi na wannan shekara, wanda ya shimfiɗa tsari iri ɗaya a ƙasa duka, ƙananan hukumomi kimanin 300, ya kuma ƙarasa raba sarakuna da ragamar mulkin yau da kullum. Abin lura ne a ce ɗan Matawalle, wanda ya tashi a inuwar fada, shi ya sa hannu aka rufe littafin En'e. Gwamnatin ba ta waliyyai ba ce. A zamaninta aka harbe ɗalibai a Zariya da Legas lokacin zanga-zangar 1978. Amma a kan magana guda ba ta yi ƙarya ba. Ranar 1 ga Oktoba, 1979, a dandalin Tafawa Ɓalewa da ke Legas, aka miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki. A shekarun nan Eyadema na zaune daram a Togo, Mobutu a Zayar, Seyni Kountché a Nijar. Shehu ya tuɓe kaki yana manjo janar, yana da shekara 36, shekarun da wasu ke fara neman abin yi.

Ya koma Kaduna ya shiga kasuwanci: gona, harkar jiragen ruwa tare da Cif Moshood Abiola, shugabancin bankin Habib, daga baya har da jarida mai suna The Reporter. Sarkin Katsina ya naɗa shi Tafida. Da ya tsaya nan, da yanzu ana tuna shi cikin dattawan da ake gayyata ɗaurin aure da buɗe masallaci. Amma mulkin da suka miƙa shekara huɗu da wata uku kawai ya yi. Daren ƙarshe na 1983 soja suka dawo, muryar da ta sanar a rediyo ta Birgediya Sani Abacha ce, wanda aka ɗora kuma ɗan ajin Shehu ne, Buhari. A 1985 Janar Ibrahim Babangida ya ture Buhari, ya buɗe shirin miƙa mulkin da ya yi ta ɗaga ranarsa kamar bikin da ba a shirya ba: 1990, 1992, sannan 1993.

A nan ne Tafida ya fara doguwar hanyarsa. Dokar Babangida ta hana tsofaffin masu riƙe da manyan muƙamai shiga siyasa, don haka daga bayan labule ya gina ƙungiyar da aka sani da PF. Siyasar Najeriya tun daga Jamhuriya ta Farko ta gida-gida ce, kowane babba da yankinsa. Shi kuwa sai ya bi ƙasar jiha-jiha yana tsintar mutanen da ba a san su ba tukuna, ko waɗanda manyan yankinsu suka yi wa rowar wuri. Wani tsohon jami'in kwastan daga Adamawa, Atiku Abubakar. Wani akanta a kamfanin mai a Legas, Bola Tinubu. Wani injiniyan ruwa daga Kano, Rabi'u Musa Kwankwaso. Ga Babagana Kingibe daga Barno, Tony Anenih daga Bendel, Chuba Okadigbo daga Anambara, Farfesa Ango Abdullahi daga Zariya, Lawal Kaita daga gida. Da Babangida ya ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasa rajista a 1989, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa, SDP mai doki da NRC mai mikiya, mutanen Tafida suka shige SDP, Kingibe ya zama shugabanta.

Bayan an ɗage takunkumi ya fito takarar shugaban ƙasa a 1992. Zaɓen fidda gwanin na ƙato-bayan-ƙato ne. A filin makarantar firamare ko ƙofar gidan mai unguwa, wakilin kowane ɗan takara zai ɗaga hotonsa, masu zaɓe su jeru a bayan wanda suke so cikin rana, malamin zaɓe ya bi layi yana taɓa kafaɗa yana ƙirgawa da ƙarfi. Ba asiri a ciki. Maigidan hayarka yana kallon layin da ka shiga, surukinka yana kallo, wanda ya ba ka kuɗin cefane jiya shi ma yana kallo. Irin wannan zaɓe ba a cin sa da jawabi a rediyo. Sai kana da mutum a kowace mazaɓa wanda ya san kowa da sunansa, ya kuma san wanda zai taso da wanda sai an aika masa mota. Tafida yana da su. Ya tara ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya, ya bar Olu Falae a baya, ya kuma kayar da Lateef Jakande a cikin Legas, garin da Jakande ya yi wa gwamna. Bakatsine ya ci Bayarabe a ƙofar gidansa, abin da ba a saba ji ba. Waɗanda suka faɗi suka ce kuɗi ne da maguɗi. Kuɗi kam sun yi aiki, a ɓangarensa da na abokan karawarsa duka, ba kuma mai musun haka sai wanda bai ga zaɓen ba. Babangida ya riƙe wannan ƙorafi ya soke zaɓen, ya kuma haramta wa 'yan takara 23 na jam'iyyun biyu sake tsayawa.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin da masoyansa ba su cika son a daɗe ba. A babban taron SDP na Jos, cikin Maris na 1993, ya tsayar da Atiku, Atikun ya zo na uku bayan Abiola da Kingibe, wanda a lokacin sun raba gari da Tafida. Ya sa Atiku ya janye aka mara wa Abiola baya, da fahimtar cewa Atiku ne zai zama mataimaki. Abiola ya ci, gwamnonin jam'iyya suka matsa masa, ya ɗauki Kingibe. Duk da haka an tafi zaɓen 12 ga Yuni tare, Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano. Da Babangida ya soke zaɓen, shugabannin SDP ƙarƙashin Anenih, mutumin Tafida, suka amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan maimakon su tsaya kai da fata a kan nasarar jam'iyyarsu. Hujjarsu ita ce a fara raba Babangida da kujera tukuna. Masu suka kuwa suka ce Tafida ya hango sabon zaɓen da zai iya tsayawa ne. Ko wanne ne, lissafin bai fita ba. Shonekan bai cika wata uku ba Abacha ya karɓe, ranar 17 ga Nuwamba, 1993. An sayar da kare an sayi biri. Da yawa a ƙasar Yarabawa ba su yafe masa wannan ba har ya bar duniya, kuma ban ga laifinsu ba.

Abacha ya kira taron tsara kundin mulki a tsakiyar 1994 don ya sayi lokaci. Wakilai 369 ne, 273 zaɓaɓɓu, sauran 96 gwamnati ta naɗa, Mai Shari'a Adolphus Karibi-Whyte yana shugabanta, Mai Shari'a Mamman Nasir yana mataimaki. 'Yan adawar Kudu maso Yamma suka ƙaurace, Abiola kuma yana tsare tun watan Yuni. Tafida ya tsaya zaɓe a Katsina ya shigo a matsayin wakili kamar kowa, mutanensa, waɗanda a lokacin ake kira PDM, suka shigo daga kowace kusurwa. Taron da aka shirya don ya yi ta surutu har a manta da shi, sai ga shi ya juyo ya yanka wa mai gidan rana. A 1975 da Shehu ya nemi soja ya faɗi ranar tafiya, yana da bataliyoyi a bayansa. A 1994 ba shi da komai sai hannuwan da aka ɗaga a zaure.

Ranar 9 ga Maris, 1995, aka kama shi. Bayan kwana huɗu aka kama Obasanjo, wanda ya dawo daga wani taro a Denmark duk da an gargaɗe shi kada ya dawo. Zargin shi ne shirya juyin mulki tare da wasu hafsoshi, irin su Kanar Lawan Gwadabe da Kanar Bello-Fadile. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, ba a ga soja ko ɗaya ya motsa daga bariki ba. Wakilan taron Abuja suka fahimci saƙon. A watan Afrilu suka janye wa'adin da suka sa, suka bar wa gwamnati ta zaɓi ranar da ta ga dama. Aka gurfanar da waɗanda ake tuhuma gaban kotun soja ta sirri a Legas ƙarƙashin Birgediya Patrick Aziza. Ba 'yan jarida, ba ɗaukaka ƙara, lauyan da zai kare ka ma soja ne aka ba ka. 'Yan jaridar da suka rubuta cewa juyin na ƙarya ne, su Chris Anyanwu da Kunle Ajibade, su ma aka haɗa da su, haka Dakta Beko Ransome-Kuti da Shehu Sani. Bello-Fadile daga baya ya rubuta wa Obasanjo yana neman gafara, yana cewa azaba ce ta sa ya ambaci sunansa. Mutumin da ya karanta sakamakon irin wannan kotu a 1976, yau shi ke tsaye a gabanta. A watan Yuli aka yanke masa hukuncin kisa.

Duniya ta yi ca. Nelson Mandela ya aiko mataimakinsa Thabo Mbeki, Fafaroma ya roƙa, shugabanni da dama suka sa baki. Ranar 1 ga Oktoba, 1995, Abacha ya sassauta hukuncin zuwa ɗauri, ya kuma faɗi tasa ranar: Oktoba na 1998. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, don kada wani ya ɗauka sassaucin tsoro ne. Aka yi ta yawo da Tafida daga kurkuku zuwa kurkuku, nesa da iyali da duk wanda ya sani, har aka dire shi a Abakaliki, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Inugu inda ya fara aiki yana saurayi. A waje kuwa an shiga zamanin tazarce, kalmar da ta yi tashe har teloli suka sa wa wata doguwar riga sunanta. 'Yan siyasa, ciki har da wasu da suka ci tuwo a gidansa, suna ta rige-rigen roƙon Abacha ya zarce.

Ranar 8 ga Disamba, 1997, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a tsare, yana da shekara 54. Gwamnati ta ce rashin lafiya ce. Iyalai da abokai ba su yarda ba, maganar wata allura da aka yi masa a kurkuku ta bazu, aka sake tayar da ita a gaban kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan'adam, Obasanjo ma ya sha faɗa a fili cewa kashe shi aka yi. Babu kotun da ta taɓa hukunta kowa a kan mutuwarsa. Aka kawo gawar Katsina, gari ya fito, aka kai shi maƙabartar Ɗanmarna.

Wata shida cif bayan haka, ranar 8 ga Yuni, 1998, Abacha ya rasu. Janar Abdulsalami Abubakar ya buɗe ƙofofin kurkuku, Obasanjo ya fito daga na Yola. Mutanen PDM suka zama ƙashin bayan sabuwar jam'iyyar PDP, suka tsaya wa Obasanjo a taron Jos na 1999, shi kuma ya ɗauki Atiku mataimaki. Ƙanen Tafida, Umaru, wanda ya faɗi zaɓen gwamnan Katsina a 1991, ya ci a 1999, ya zama shugaban ƙasa a 2007. A zaɓen 2023, uku daga cikin manyan 'yan takara huɗu, Tinubu da Atiku da Kwankwaso, duk a tsangayarsa suka yi karatun siyasa. Ko sun ɗauko abin da ya kamata su ɗauko daga wurinsa, wannan mai karatu ya duba da idonsa. Gwamnati kuwa sau biyu tana yafe masa laifin juyin mulkin, a 1998 da kuma 2013, kamar ta manta ta yi na farko. A cibiyar da aka gina da sunansa a Abuja akwai wata gada da aka bari da gangan ba a ƙarasa ba.

Mahaifiyarsu, Hajiya Dada, ta ga an kawo gawar Shehu daga kurkuku a 1997, ta ga an kawo ta Umaru daga fadar shugaban ƙasa a watan Mayu na 2010. Ta rayu shekara 14 bayan haka. A watan Satumba na 2024, tana da shekara 102, aka kai ta Ɗanmarna inda 'ya'yan nata biyu suke kwance. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.